Shin abin da mutum ya yi imani da shi ya kamata ya tsaya yadda yake, ko ya riƙa sauyawa da shekaru?

Abu Fatima, daga Gusau, ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da 'yan'uwana na wannan zaure, ina da tambayar da ta daɗe tana cin raina, kuma ina roƙon duk wanda zai amsa ya dubi girman Allah ya amsa da ilimi, kada a mayar da ita fagen zagin wata ƙungiya ko wani malami.

A gidanmu, tsara huɗu a jere babu wadda ta zauna a inda ta tarar da ta gabanta. Kakana Baƙadire ne, yana sakin hannu a salla, kuma har Allah ya karɓi ransa bai taɓa kai ɗansa makarantar boko da son ransa ba. Mahaifina ya karɓi Tijjaniyya a hannun almajiran Shehu Ibrahim Inyas, ya koma yin ƙabalu, abin da ya sa kakan namu ya daɗe yana amsa gaisuwarsa a daƙile. Ni kuma ina ɗalibi na shiga Izala, a zamanin da tafsirin Shehu Abubakar Gumi yake shiga kowane gida ta Rediyon Kaduna, na bar wazifa, na daina zuwa maulidi. Yanzu ga ɗana, wanda malamansa duk suna cikin wayarsa, wasu a Madina wasu a Masar, ya fara nuna mini cikin ladabi cewa akwai abubuwan da nake yi waɗanda a ganinsa ba su da hujja. Abin mamakin shi ne, babu ko ɗaya daga cikinmu da ya taɓa ɗaukar kansa a matsayin wanda ya sauya addini. Kowa gani yake shi ne ya komo kan asali, na gabansa ne ya kauce.

Ni kaina ba na inda nake shekarun baya. A da ba na bin ɗan ɗariƙa salla, yau kuwa ina bi, kuma zuciyata ba ta yi mini gardama. Wani tsohon abokina da muka yi gwagwarmaya tare ya ce mini wannan raunin aƙida ne da tsufa ya kawo, wani kuma ya ce hankali ne ya zo. Idan na duba, sai in ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yawan roƙon Mai jujjuya zukata ya tabbatar da zuciyarsa a kan addininsa, sannan in ga aya ta 170 ta Suratul Baƙara tana zargin waɗanda suka ce su dai abin da suka tarar da iyayensu a kai za su bi. To wanne ne daidai ga mumini, ya riƙe abin da ya gaskata har mutuwa, ko ya bar ƙofa a buɗe? Idan kuma sauyawa ta halatta, ta yaya mutum zai gane cewa shiriya ce take jan sa ba son zuciya ba?

Malam Na-Ƙofar-Doka, daga Zariya, ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya jiƙan magabata. Addu'ar da ka kawo da ayar da ka kawo ba su ci karo da juna ba, domin tabbatar da ake roƙo a kan addini ne, alhali abin da yake motsi a gidanku tsara bayan tsara fahimtar addinin ce. Addini ya cika tun ranar Arfa a Hajjin Bankwana, kamar yadda aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta faɗa, amma sanin da ni da kai muka yi masa bai cika ba, kuma ba zai cika ba har a kai mu makwanci. Wanda ya rantse ba zai taɓa janye komai daga abin da ya fahimta yana ɗan shekara 20 ba, ko ya sani ko bai sani ba, ya yi da'awar cewa tun a lokacin ya gama karatu.

An haifi Imamu Shafi'i a shekara ta 150 bayan hijira. Ya karanta Muwaɗɗa a gaban Imamu Malik a Madina, ya zauna a Iraƙi ya yi karatu da muhawara da almajiran Abu Hanifa, sannan ya ƙaura Masar a ƙarshen rayuwarsa, inda ya rasu a 204. A cikin waɗannan 'yan shekaru na Masar ya sake bin fatawowinsa, ya janye da dama daga cikinsu, har ya zama duk mai karanta littattafan Shafi'iyya dole ya san wace magana ce tsohuwa ta Iraƙi, wace ce sabuwa ta Masar. Babu malamin da ya kira wannan rauni. Kafin shi, Sayyidina Umar ya yi hukunci a wata mas'alar gado da masu karatun fara'il suka sani da suna Mushtaraka, inda mace ta rasu ta bar miji da uwa da 'yan'uwa na ɗaki ɗaya ta wajen uwa da kuma shaƙiƙai. Da fari ya hana shaƙiƙan, daga baya da irin shari'ar ta sake zuwa gabansa sai ya haɗa su da 'yan'uwan uwa a cikin sulusi, da aka tuna masa hukuncinsa na farko kuwa sai ya ce wancan shi ne abin da muka hukunta a wancan lokaci, wannan kuma shi ne abin da muke hukuntawa yanzu. A wasiƙarsa ta alƙalanci ga Abu Musa al-Ash'ari ma ya gargaɗe shi kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana gare shi yau.

Mu zo cikin mazhabarmu. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin al-Ƙairawani, wanda kusan kowane almajirin zaure a ƙasar Hausa ya ratsa ta littafinsa, masu sharhi sun ruwaito cewa ya ajiye kare don gadin gidansa a wani lokaci na rashin tsaro, da aka ce masa ai Malik ya karhanta haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani, da zaki mai cizo zai ajiye. Bai bar Malikiyya ba, ya dai gane dalilin da Malik ya gina maganarsa a kai. Kada kuma a ɗauka sauyi kullum wajen sassauci yake nufa. Lokacin da taba ta shigo ƙasashen Musulmi malamai sun yi ta saɓani a kanta, har babban malami irin Ahmad Baba na Tambutu ya halatta ta, amma da likitoci suka tabbatar da irin ɓarnar da take yi wa huhu da zuciya, sai akasarin masu fatawa suka karkata ga hani. Nassi bai ƙaru ba, sanin halin abin ne ya ƙaru.

Na san wani zai ce duk waɗannan rassan fiƙihu ne, aƙida kuwa ba ta motsi. Akwai gaskiya a ciki, domin kaɗaita Allah, da annabci, da tashin ƙiyama, da wajabcin salloli biyar, da haramcin zina da giya da kisan kai, ba abubuwa ne da ake sake dubawa don zamani ya juya ba, kuma wanda ya bar su addinin ya bari. Amma ko a cikin bayanin aƙida manya sun sauya matsayi. Abul Hasan al-Ash'ari ya kai kusan shekara 40 da haihuwa yana Mu'utazila, yana almajirin Jubba'i, sannan ya hau mumbari a masallacin Basra ya bayyana cewa ya bar wannan tafarki, kuma a kan makarantarsa aka gina littattafan tauhidin da kakanka ya karanta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya saɓa wa malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umar a kan kafirta Musulmi saboda manyan zunubai, ya rubuta cewa wannan ba mazhabar Ahlus Sunna ba ce, tare da haka bai daina girmama shi da ambaton falalarsa a kansa ba. A nan ne nake ganin mu muka gaza, domin mun koyi saɓa wa na gabanmu amma ba mu koyi yadda Shehu ya yi saɓanin ba.

Maganar ƙabalu da sadalu da ta shiga tsakanin kakanka da mahaifinka ta isa misali. Hadisin ɗora dama a kan hagu yana cikin Muwaɗɗa, riwayar Ibnul Ƙasim ta karhanta shi a farilla tana cikin Mudawwana, wato duka biyun a cikin gidan Malik suke. Duk da haka an raba masallatai a kansu a shekarun 1950 da 1960, an yi faɗa, an yi gaba, yau kuwa mai ƙabalu da mai sadalu suna sahu ɗaya babu mai waiwayar wani. Matasa da yawa ma sun ɗauka Izala ce ta kawo ƙabalu, alhali 'yan Faila, mabiya Shehu Ibrahim Inyas, sun sha duka a kansa tun kafin a kafa Izala a Jos a 1978.

Game da tambayarka ta ƙarshe, Alhaji, ni ma'aunina shi ne mutum ya tambayi kansa me ya motsa shi. Idan hujja ce ya gani wadda a da bai sani ba, ko ya gano wadda ya dogara da ita ba ta kai ƙarfin da ya zata ba, kuma zai iya zama gaban malami ya bayyana ta ba tare da jin kunya ba, to wannan karatu ne ya ci gaba. Idan kuwa sauyin ya zo daidai lokacin da ake neman muƙami, ko aure, ko shiga wurin masu kuɗi, kuma duk sanda ya sauya sai ya zama wajen da ya fi masa daɗi ya nufa, to ya tuhumi kansa.

Bawan Allah, daga Damagaram, ya amsa:

Allah ya gafarta Malam, na karanta bayaninka da natsuwa kuma na ƙaru, sai dai ina da ja a kan inda maganar za ta kai mai karatu irina. Duk waɗanda ka lissafa, Umar ne da Shafi'i da Ash'ari da Shehu, mutanen da suka tara kayan aikin da ake auna hujja da su. Shafi'i ya sauya fatawa ne bayan ya ƙware a Larabci da hadisi da fiƙihun Madina da na Iraƙi. Ɗan Baba Alhaji kuwa, da ire-irensa dubbai a Damagaram da Maraɗi da Kano, abin da yake sauya su guntun bidiyo ne na minti uku wanda aka yanko daga tsakiyar karatu, ba su san abin da ya gabace shi ba, ba su san amsar da ɗaya ɓangaren ya bayar ba. Idan aka ce wa irin wannan yaro ya bi hujja duk inda ta kai shi, to wanda ya fi iya magana zai bi, domin ba shi da abin da zai bambance hujja da zaƙin baki.

Mun ga ƙarshen wannan da idonmu. Maitatsine ya tara yara a 'Yan Awaki yana gaya musu cewa duk Musulmin Kano a ɓace suke, kuma a watan Disamba na 1980 fiye da mutum 4,000 suka mutu. Waɗanda suka yaga takardun shaidarsu na makaranta suka bi Muhammad Yusuf a Maiduguri kafin 2009, kowannensu ya ɗauka gaskiya ce ta bayyana gare shi, iyayensa da malaman unguwarsu ne suke cikin duhu, kuma har yau mutanen Borno da Yobe da Diffa suna biyan kuɗin wannan sauyin fahimta. Ba ina cewa duk mai sauyawa can zai ƙare ba, Allah ya kiyaye, amma ƙofar da suka shiga ita ce wannan ta raina abin da aka gada.

Imamu Gazali da kansa ya sauya rayuwa, ya bar kujerar koyarwa ta Nizamiyya a Bagadaza a 1095 ya shiga neman yaƙini, ya kuma ba da labarin shakkar da ya ratsa. Amma shi ɗin ne a ƙarshen rayuwarsa ya rubuta littafi sukutum a kan kame gama-garin mutane daga kutsawa cikin ilmul kalam, wato muhawarar aƙida da hujjojin hankali, saboda ya san ba kowace zuciya ce take fita daga wannan kogi da rai ba. Tsohon da ya karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya riƙe sallarsa da azuminsa, bai ci haƙƙin kowa ba, ya mutu a kan haka, ni ban ga abin da ya rasa ba. Shawarata ga wanda ba malami ba ita ce ya riƙe mazhaba ɗaya da malami ɗaya da ya san gidansa da halinsa, kada ya mayar da addininsa abin gwaji.

Shi kuwa Baba Alhaji, bin ɗan ɗariƙa salla da ya koma yi, ni ban ɗauke shi sauyin aƙida ba. Hukuncin da yake yanke wa mutane ne ya yi sauƙi, kuma wannan kyawun hali ne da shekaru suke koyarwa.

Hajiya Maman Sadiya, daga Kano, ta amsa:

Assalamu alaikum. Malam, Allah ya saka da alheri. Ɗan'uwana na Damagaram, tsoronka yana da dalili, amma ina so ka dubi waɗanda suke ɗaukar nauyin wannan shawara ta kowa ya zauna inda ya tarar, domin sau da yawa mata ne. An daɗe a garuruwa da ƙauyuka ana hana 'ya mace karatu da sunan addini, ana raba gona tsakanin maza a ce mace ba ta gadon ƙasa, ana ɗaura wa yarinya aure ba a nemi yardarta ba, kuma masu yin haka ba mugaye ba ne, da zuciya ɗaya suka gaskata cewa Musulunci ne ya ce a yi. Da kowa ya riƙe abin da ya tarar, da har gobe haka ake yi.

Shehu Usmanu ya soki malaman zamaninsa a cikin Nurul Albabi saboda suna koyar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya kuma koyar da mata duk da surutun da aka yi masa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa jajis, wato jagororin mata, tana ba su malfa su shiga ƙauyuka suna karantar da mata da waƙoƙin Hausa da Fulatanci. Bayan wannan duka, al'ada ta sake rufe abin a wurare da yawa, har ya zama lokacin da aka fara buɗe Islamiyyun matan aure, da lokacin da aka kafa FOMWAN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi ta Najeriya, a Minna a 1985, akwai mazan da suka ga fitar mace neman ilimi kamar saɓo. Mahaifiyata sai da ta haifi 'ya'yanta duka sannan ta san cewa akwai gyara a Fatiharta. Wanda ya hana ta tun farko yana ganin addini yake karewa, wanda ya bar ta daga baya kuma sai da fahimtarsa ta sauya, kuma shi ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne da ya ji wa'azi ya yi tunani.

Haka batun allurar shan inna. A 2003 an dakatar da rigakafin a Kano, mutane da yawa suka ɗauki ƙin ta a matsayin kishin addini. Tsoron yana da tushe, domin ba a manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, amma tsoro daban, hukuncin Allah daban. Da malamai da sarakuna suka bincika suka sauya matsayi, suka fito suna ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, sai iyaye suka biyo, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a 2020. Yaran da suka shanye a tsakanin nan suna nan muna ganinsu a kan titi. Don haka ni a wurina, ƙin sauyawa ma yana da nasa gawawwakin, ba saurin sauyawa kaɗai ba.

Ɗan Bukur, daga Filato, ya amsa:

Ina gaishe da iyayena da malamai. Ni Kirista ne, kuma ina fata ba za a ga na yi shisshigi ba, domin tambayar Baba Alhaji tana nan a cikin coci kamar yadda take a masallaci. Littafi Mai Tsarki ya ce Yesu Almasihu ba ya sakewa, jiya da yau da har abada, kuma Littafin ne dai ya ɗauko maganar Bulus cewa sa'ad da yake yaro yana tunani irin na yara, da ya girma sai ya bar halin yarantaka. Tun a zamanin manzanni aka yi taro a Urushalima, kamar yadda sura ta 15 ta Ayyukan Manzanni ta nuna, a kan ko dole ne wanda ba Bayahude ba ya yi kaciya ya bi dokokin Musa kafin a karɓe shi, aka kuma yanke cewa ba dole ba ne, alhali akwai masu bi na gaskiya da suke ganin wannan rushe addini ne.

Cocin Katolika ta hukunta Galileo a 1633 saboda ya ce duniya ce take kewaya rana, sai a 1992 Fafaroma John Paul na Biyu ya amince a fili cewa masu hukuncin sun yi kuskure. Babban taron Batikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, shi ya buɗe hanyar yin sujada da harsunan mutane maimakon Latin kaɗai, kuma har yanzu akwai waɗanda ba su huce ba. A Amurka, babbar ƙungiyar Baptis ta kudu, wadda aka kafa a 1845 a kan rikicin mallakar bayi, ta nemi gafara a 1995 saboda goyon bayan da magabatanta suka ba bauta suna kafa hujja da ayoyi. Abin da na lura da shi a duk waɗannan shi ne, babu inda aka bar Allah, an dai gano cewa an jingina masa abin da bai ce ba. Na yarda da ɗan'uwana na Damagaram a kan abu ɗaya, domin mu ma muna da matasan da suke sauya coci duk sanda wani sabon mai wa'azi ya zo da alkawarin arziki, kuma wannan ba girma a cikin bangaskiya ba ne.

Malam Na-Ƙofar-Doka ya sake amsawa:

Ɗan Bukur, ba ka yi shisshigi ba, mun gode. Hajiya, Allah ya yi albarka, kin faɗi abin da ya kamata a ce ni na fara faɗa.

Malam Bawan Allah, ina tare da kai cewa wanda bai da kayan aiki ba ya ijtihadi, amma ka lura cewa shawararka ma ba ta kuɓutar da shi daga zaɓi ba, domin riƙe malami ɗaya sai an zaɓi malamin, kuma mabiyan Maitatsine malami ɗaya suka riƙe. Abin da ya halaka su, da su da mutanen Muhammad Yusuf, bai tsaya ga sauyin farko ba. Bayan sun shiga sai aka rufe musu ƙofa, aka koya musu cewa sauraren wani malami ridda ne, sake tunani kuma munafunci. Shehu Ja'afar Mahmud Adam, Allah ya jiƙansa, da wasu malamai sun yi ta yi musu bayani da raddi tun kafin a fara harbi, waɗanda suka saurara suka janye su ne suka tsira. Haka aka yi tun farko, lokacin da Ibnu Abbas ya je wurin Hawarijawa a Harura ya warware musu shubuhohinsu ɗaya bayan ɗaya, dubbai suka komo, waɗanda suka ce su ba sa sauyawa kuwa su ne aka yaƙa a Naharawan. Saboda haka yaron da aka tarbiyyantar a kan cewa malaminsa yana iya kuskure ya fi wuyar sacewa a kan wanda aka tarbiyyantar a kan miƙa wuya, ko da kuwa wanda ya miƙa wa wuyan mutumin kirki ne, domin ranar da wani ya karɓe ragamar haka zai bi shi.

Bawan Allah ya sake amsawa:

Allah ya gafarta Malam, na karɓi maganar Ibnu Abbas, na kuma karɓi ta Hajiya a kan karatun mata da gado, domin waɗannan haƙƙoƙi ne da nassi ya bayar al'ada ta danne. Inda har yanzu ban gamsu ba shi ne sauri da kuma hanya. Ibnu Abbas zama ya yi da mutanen nan fuska da fuska, suka kawo shubuha ya amsa, suka sake kawowa ya sake amsawa, kuma sun san ko shi wane ne. Wannan daban yake da yaro shi kaɗai a ɗaki da tsakar dare, waya tana miƙo masa malami bayan malami gwargwadon abin da ya fi tayar masa da hankali. Ina roƙon Malam, idan da hali, ya buɗe mana wani zaure na dabam a kan ladubban saɓani, ya faro daga littafin Ibnu Taimiyya da ya yi bayanin dalilan da suka sa imamai suka saɓa wa juna, tunda 'yan Izala suna girmama mai littafin, 'yan ɗariƙa kuma ba za su ƙi abin da yake kare Malik da sauran imamai ba. Zan kawo ƙannena biyu su saurara.